Yadda za ka samu gidan haya mai sauƙi a gefen garin Bauchi wanda za a iya wanki a ciki

Tun da na bar cikin gari na koma gefe mutane suka mai da ni kamar wani dillali. Wannan ya kira, wancan ya tare ni bayan sallar isha'i, yawancinsu kuma angwaye ne da biki ya matso, an sayo wa amarya injin wanki a cikin kayan ɗaki shi kuma gogan bai ma san inda za a ajiye shi ba. Tambayar dai ɗaya ce, ina zan samu gida mai sauƙin kuɗi wanda iyali za su yi wankinsu a ciki ba sai an fita tsakar gida ana layin famfo da maƙwabta ba. Na gaji da maimaitawa shi ya sa na zauna na rubuta. Sau uku na yi ƙaura a garin nan, biyu daga ciki kuma ruwa ne ya kore ni ba mai gida ba.

Ka sani tun yanzu, a nan kam da wuya a ba ka haya da inji a ciki, gida ake ba ka fanko, inji naka ne. Abin da kake nema shi ne gidan da zai ɗauki injin, wato akwai ruwan da za a zuba masa, akwai inda ruwan zai fita, akwai wutar da za ta juya shi. Tayil da fenti da silin mai fitilu duk su zo daga baya.

1. Yi lissafin aljihunka kafin ka kira kowa

Haya ta shekara ake biya, kuma shekarar farko ita ce mai zafi saboda ba kuɗin haya kaɗai za ka fitar ba. Akwai la'adar dillali, wadda a al'ada kashi 10 ce cikin ɗari na kuɗin hayar. Wasu gidajen akwai kuɗin rubuta yarjejeniya, wasu akwai kuɗin ajiya da ake riƙewa saboda ɓarna, sannan ga motar kwashe kaya, ga ɗan gyaran da ba makawa sai ka yi. A ce misali gida naira 400,000 ne, la'ada ta ci 40,000, ka ga tun ba ka taɓa famfo ko soket ba ka kai 440,000. Shi ya sa in kana da 500,000 a hannu kada ka je neman gidan 500,000, nemi na ƙasa da haka ka bar ragowar ta yi maka hidima.

Lissafi na biyu shi ne wanda kowa ke mantawa, kuɗin zirga-zirga. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 nisa ya zama kuɗi. Ɗauki misali, gidan da ya fi nisa zai ƙara maka naira 600 kullum a kuɗin keke zuwa da dawowa, kwana 22 na aiki a wata ya kama 13,200, a shekara 158,400. To gidan 300,000 da ke can nesa ya koma 458,400 ke nan, ya fi na 420,000 da ke kusa da wurin aikinka tsada, kuma ban sa kuɗin kai yara makaranta ba, ban sa na madam in za ta kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal cefane ba. Ka saka naka alƙaluman ka gani da idonka.

Hattara: adadin da ka tsayar a ranka, kada dillali ya ji shi. In ka ce masa kana da 500 duk gidan da zai nuna maka 500 ne, ko da jiya 380 aka ce masa.

2. San irin injin da za ka saka

Wannan kafin yawon neman gida ake yinsa, domin inji biyu ne a kasuwa kuma buƙatarsu ba ɗaya ba ce.

Akwai mai baki biyu, gefe ɗaya wanki gefe ɗaya matsa. Shi wannan ɗan talakawa ne, ba ruwansa da ƙarfin famfo, ko da bokiti ka zuba masa ruwa zai yi aiki, wutar da yake ja ma ba ta da yawa, yawanci ba ta kai wat 500 ba, ƙaramin janareta mai lafiya yana tada shi. Matsalarsa faɗi, yana cin wuri, kuma tiyon fitar da ruwansa a ƙasa yake kwanciya, ruwan gangarowa yake da kansa, dole ramin fitar ruwa ya kasance a daɓe kusa da shi.

Akwai kuma otomatik, wanda za ka zuba kaya ka danna ka tafi. Mai ƙofa a gaba yawanci faɗinsa santimita 60 ne, tsayi wajen 85. Ya fi tattalin ruwa amma ɗan gata ne, yana son famfo nasa na kansa mai ƙarfi, yana son wuta tsayayya, in kuma ka kunna masa dumama ruwa zai ja wajen wat 2000. In aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki kayanka na ciki a jiƙe ƙofa a kulle sai ka jira.

Ni ra'ayina in gefen gari za ka zauna kuma ba ka da sola, mai baki biyu ya fi kwanciyar hankali. Amma in an riga an sayo otomatik a kayan ɗaki ai ba za ka ce wa surukai su mayar ba, sai ka nemi gidan da ya dace da shi. Ko wanne ne ka auna faɗinsa da zurfinsa ka rubuta a waya, ka ari tef ɗin awo ko na tela ne ka sa a aljihu. Na ga wanda ya biya kuɗin gida cas sai ranar jere aka tarar injin bai shiga ƙofar banɗaki ba, har yau a falo yake an lulluɓe shi da zani an ɗora fulawa a kai.

3. Zaɓi hanya ɗaya ko biyu, kada ka ce ko'ina

Garin ya faɗaɗa ta kowace hanya. Ta hanyar Jos akwai Wuntin Dada har zuwa Miri. Ta hanyar Dass akwai Yelwa, Gwallameji, Rafin Zurfi, Birshi har Bayara. Ta hanyar Gombe akwai Inkil, ta hanyar Maiduguri akwai Tirwun. Ka zaɓi ɓangaren da ba sai ka ratsa tsakiyar gari kullum ba kafin ka isa wurin neman abincinka.

Unguwannin da ke kusa da manyan makarantu, kamar zagayen jami'ar ATBU a Yelwa da Federal Poly a Gwallameji, ɗakunan ɗalibai sun fi yawa, sef-konten ne, wato ɗaki mai banɗakinsa a ciki, jere a gida ɗaya mutum goma sha suna shan tanki ɗaya. Ga gwauro ba laifi, ga mai iyali da injin wanki kuwa rigima ce kawai, ranar da madam ta yi wanki biyu tanki ya ƙare kowa ya san ɗakin da zai kalla. Kuɗin ɗaki a irin wuraren ma yana tashi lokacin da ɗalibai ke dawowa. In can ɗin ya zame maka dole, nemi gidan da masu haya ba su wuce uku ko huɗu ba.

Sauƙin kuɗi yana farawa ne daga inda kwalta ta ƙare. Layi biyu ko uku daga bakin titi kuɗi ya sauka, amma ka tambayi 'yan acaɓan bakin layin yadda hanyar take a watan Agusta, su ne za su faɗa maka gaskiya ko akwai kwarin da ke cika ya raba unguwar da titi.

4. Dillali, da waɗanda suka fi dillali

Kafin dillali ka fara da mutane. Faɗa wa abokan aiki, faɗa wa limamin unguwar da kake so, mai shagon kan kwana, mai shayi, masu gini da ke aiki a sabbin gidaje, 'yan garuwa. Gidaje da yawa masu sauƙi ba sa kaiwa hannun dillali, mai gida ya fi son a kawo masa mutumin da aka sani. Gidan da nake ciki yanzu mai sayar da bulo ne ya nuna min.

In ta kama sai dillali, riƙe biyu ko uku kada ka dogara da ɗaya. Ka gaya masa a fili, Malam ciki biyu da falo nake so, da ruwa a cikin gida, da mita tawa ni kaɗai, da wurin ajiye injin wanki, in babu ɗaya daga ciki kada mu ɓata man mashin. Zai ce maka ranka ya daɗe ai akwai wani daidai kai, sai ya kai ka wanda ba ko ɗaya, haka suke, ka yi haƙuri ka maimaita masa. Ku yi maganar la'ada tun a bakin titi kafin ku hau mashin, nawa ce, kuma su nawa ne a cikinta, don wani lokaci dillalai uku ne suka haɗu a gida ɗaya kowa na jiran rabonsa daga wuyanka.

Hattara: hoton gida a WhatsApp ko Facebook ba gida ba ne. Duk wanda ya ce ka turo kafin alƙalami don wasu na rububi, alhali ba ka taka gidan ba, ba ka ga mai shi ba, ka bar masa kayansa.

5. Ruwa

A nan zan daɗe don a nan ake faɗawa rami.

Da farko ka san yawan ruwan da wanki ke ci. Na auna namu mai baki biyu da jarka mai lita 25, cika ɗaya jarka biyu yake sha, wanki ɗaya da ɗauraya biyu jarka shida ke nan, lita 150. Gida mai yara ana yin haka sau biyu a sati ko fiye, ka ga kusan kura guda ta mai ruwa ta tafi a wanki kaɗai, ba girki ba wanka. In saye za ka riƙa yi, tambayi kuɗin kura a unguwar ka ninka sau 52 ka ɗora a kan kuɗin haya, sannan ka ga ko gidan na da arahar da aka ce.

Ruwan gida a Bauchi ɗaya ne cikin uku, ko na gwamnati da ke zuwa daga dam ɗin Gubi, ko bohol, ko rijiya. Na gwamnati ba kowace sabuwar unguwa bututunsa ya kai ba, inda ya kai ma sai ka tambaya ranaku nawa yake zuwa a sati kuma da wane lokaci, in da tsakar dare yake zuwa dole sai da tanki ko rijiyar tara ruwa ta ƙasa. Bohol kuma ba a nan gizo ke saƙar ba a ce akwai shi, ƙasar Bauchi dutse ne a ƙarƙashi, wani bohol ɗin yana ba da ruwa shekara zagaye, na maƙwabcinsa kuwa daga Maris sai ya fara tari, ya kawo na minti goma ya tsaya. Rijiya ma haka, da damina ka sa hannu ka ɗebo, da bazara guga na dukan laka.

Abin da ya same ni a gidana na biyu ke nan. Na kama shi a watan Satumba, rijiya cike, mai gidan ya ce min Alhaji wannan rijiyar tun da aka haƙa ta ba ta taɓa ƙafewa ba. Ƙarshen Fabrairu ta fara ja baya, kafin Afrilu sai da muka koma sayen ruwa har aka yi ruwan farko, injin madam ya zama wurin ajiye tsummokara. Ban ce ƙarya ya yi da gangan ba, shi ba a gidan yake zaune ba.

Don haka in kana da zaɓin lokaci ka duba gida tsakanin Maris da Mayu, gidan da ke da ruwa a lokacin nan yana da ruwa. In ba lokacin ba ne to ga yadda ake ganewa. Dubi ƙofar gidajen layin da safe, in ka ga kurar 'yan garuwa na shiga da fita ka samu amsa. Tsayar da mai ruwa ɗaya ka tambaye shi ko yana kawo ruwa gidan nan da rani. In da hali matarka ko 'yar'uwarka ta shiga wurin matan gidan ko na maƙwabta ta gaishe su ta ce Maman wane ya ruwa a nan da zafi, abin da za ta jiyo cikin minti biyar kai ba za ka ji shi a wurin maza ba ko za ka wuni.

A cikin gidan kuma kada ka tsaya kallo, taɓa komai. Buɗe famfon kicin da na banɗaki lokaci ɗaya ka ga ko ƙarfin ya ragu. Tara ruwan a roba mai haske ka duba ko akwai yashi ko ja-ja, ruwa mai yashi yana toshe matatar injin otomatik, mai ja kuma yana rina fararen kaya. Ɗaga kai ka kalli tanki, lita nawa ne, gida nawa ke sha a ciki, kuma a wane tsayi yake. Tankin lita 1000 ga gida huɗu ba zai ɗauki injin wanki ba sai dai in ana bugawa sau biyu a rana. Tankin da aka ɗora a kan gajeren bulo kuwa ba zai ba otomatik ƙarfin da yake so ba, zai yi ta ƙara yana jiran ruwa, sai ka sayi ƙaramin injin ƙara ƙarfin ruwa, wani kuɗin ke nan.

Tambaya ta ƙarshe wadda ke haɗa maƙwabta faɗa, wa ke buga ruwa. Sumo ɗin, wato injin da ke jawo ruwa daga bohol, a kan mitar wa yake, in ba wuta kwana uku wa ke sayen man janareta, in sumon ya ƙone karo-karo ake yi ko mai gida ne. In bohol mai sola ne ka yi sa'a, sai dai shi ma da rana yake bugawa, wankin safe da ruwan jiya za a yi shi.

6. Inda ruwan zai fita

Lita 150 da ta shiga dole ta fita. Duba inda kake tunanin ajiye injin, ko banɗaki ne ko barandar bayan kicin ko wani lungu a tsakar gida, ka zuba bokitin ruwa guda a daɓen ka tsaya ka ga inda ya nufa. In ya gangara rami ya tafi, madalla. In ya kwanta ko ya nufo ƙofar ɗaki, mai tayil ya yi aikin banza kuma kai za ka sha wahalarsa.

Bi bututun har waje. Wasu gidajen duk ruwan wanka da wanki sokawe ɗaya yake shiga da na masai, ruwan inji zai cika shi da wuri ka koma kiran motar kwasa. Wasu kuma ta rariya yake fita kan layi, in babu kwata a layin ruwan kumfa zai kwanta a ƙofar maƙwabci, yau ya yi shiru gobe ya yi shiru jibi ka ji sallamar mai unguwa ko duba-gari. Wanda ya fi shi ne gidan da ruwan wanki ke da ramin kansa ko yake faɗawa kwatar siminti.

Ka kuma dubi gindin bango ta ciki da ta waje. Fenti da ya kumbura ko farin gishiri-gishiri a bango alamar danshi ne, sabon fenti a gindin bango kaɗai shi ma abin tambaya ne.

7. Wuta da mita

Bauchi a ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Jos, wato JED, take, kuma layukan wuta aji-aji ne, Band A ana nufin awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Daga Afrilun 2024 kuɗin Band A ya haura naira 200 kowane yunit. Wannan a takarda ke nan, kai dai tambayi mai cajin waya ko mai sayar da ƙanƙara a layin awa nawa suke gani da kuma lokacin da take zuwa. Wutar da ke zuwa ƙarfe ɗaya na dare ta tafi da asuba ba ta wanki ba ce, sai in madam ta yarda ta zama mai gadi.

Ka koma gidan da magariba lokacin da kowa ya kunna kayansa. In ƙwai ya yi ja fanka na juyawa kamar ba ta so, taransifomar unguwar ta yi wa mutane kaɗan, irin wutar nan ita ke ƙona inji, sai ka sa sitabilaiza a lissafi.

Mita mai kati taka kai kaɗai ita ce zaman lafiya. Mitar haɗaka da injin wanki ba sa jituwa, ko da injinka bai kai hitar wani cin wuta ba kai za a riƙa nunawa da baki.

Hattara: a aikace bashin wuta a jikin mitar gida yakan zauna, ba ya bin wanda ya tashi. Ka ce a nuna maka rasit ɗin kati na ƙarshe ko bil na ƙarshe. In akwai tsohon bashi a kan mitar, duk sanda ka sa kati za a riƙa cira, ka sayi na 5,000 ka ga yunit ɗin bai kai ba. A warware wannan kafin kuɗinka ya fita, ko mai gida ya biya ko a cire a cikin haya.

Sannan ka duba ko akwai soket kusa da wurin injin, a sama yadda ruwa ba zai taɓa shi ba. Ka zo da mai wayarin ya gwada maka ko gidan na da wayar ƙasa, wadda suke cewa at. Gidaje da yawa na haya ba a sa ta, inji kuma ƙarfe ne da ruwa, mace na tsaye a jiƙaƙƙen daɓe ba takalmi, wannan ba wurin tsimi ba ne. Kada a ja wa inji doguwar waya ta ƙasa daga falo.

8. Wurin shanya

Gajere ne amma ka duba. Ina za a ɗaura igiya, rana na kaiwa wurin, kuma naku ne ku kaɗai ko na kowa da kowa. In filat ɗin sama ne baranda ta isa ta ɗauki zanin gado? Matan da ba sa fita kuma a duba musu ko wurin a killace yake.

9. Zama da mai gida

Kada ka yarda a ƙare magana ba ka ga mai gida ba, ko wakilinsa da kowa a layin ya sani. Tambayi maƙwabta gidan wa ne, in gidan gado ne ka tabbata wanda ke karɓar kuɗin shi magada suka wakilta, in ba haka ba wata uku wani ɗan'uwansu zai zo ya ce shi bai san da kai ba.

Ka je da babba in kana da shi, magana ta fi daɗi. Bayan gaisuwa ka kawo abin da ka gani a tsanake, Baba gidan ya yi min, sai dai famfon baya babu, soket ma sai an ja, ga ramin ruwa a toshe, in zan gyara da kuɗina a duba min. Da yawa ba za su rage kuɗin haya ba don kada sauran masu haya su ji, amma za su yarda ka yi gyara a cire a ciki, kai kuma duk ɗaya ne a wurinka. Kafin wannan zaman ka riga ka kawo mai gyaran famfo ya yi maka kiyasi don ka san adadin da kake magana a kai. Gidan da ya daɗe a rufe ya fi sauƙin ciniki, ciyawa a tsakar gida da yanar gizo a taga su za su gaya maka. Wasu masu gidan suna karɓar biya biyu, wata shida-shida, in ka tambaya.

Maganar inji kuma ka faɗe ta a wurin. Kada ka ɓoye sai an ji ƙararsa.

10. A rubuta, sannan a biya

Ko mai gidan limami ne a rubuta. Takardar ta ƙunshi sunanka da nasa, kwatancen gidan, kuɗi, ranar farawa da ranar ƙarewa, gyaran da za ka yi da yadda za a cire kuɗin, izinin saka inji da jan famfo, yadda ake biyan wuta da buga ruwa, wa ke kwashe sokawe, da sharaɗin dawo da kuɗin ajiya. A sa wa'adin sanarwa in ɗayanku na son rabuwa, abin da aka sani ga mai hayar shekara wata 6 ne in takarda ba ta faɗi wani abu daban ba, don haka ka karanta kada ka sa hannu a kan wata ɗaya ba ka lura ba. Shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa.

Ranar farawa ta zama ranar da aka ba ka makulli gida a shirye. In ana kan gini ko gyara kada ka biya duka a kan alkawarin sati biyu, sati biyun magina kowa ya san tsawonsa.

Biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai gida, ka rubuta kuɗin haya a bayanin turawar, ka karɓi rasit. La'adar dillali daban ka ba shi, bayan makulli ya shigo hannunka.

11. Kafin kaya su shigo

Gida na fanko ka zagaya da waya ka ɗauki bidiyon komai, tayil da ya fashe, tagar da ba gilashi, lambar mita da yunit ɗin da ke ciki, ka tura wa mai gida ko wakilinsa a ranar don ya zama shaida ranar tashi. Canza makullan ƙofar waje. A wanke tanki. Mai famfo da mai wayarin su gama nasu kafin a kawo kujeru, a sa wa injin famfo mai makunni nasa yadda za a iya rufe shi in tiyo ya fashe ba sai an kashe ruwan gida duka ba.

Wajen ɗauko inji a tsaye ake ɗora shi a mota, a ɗaure. In sabon otomatik ne mai ƙofa a gaba, akwai manyan kusoshi a bayansa da ke riƙe gangar ciki saboda tafiya, dole a kwance su kafin a kunna, in aka manta zai yi ta tsalle yana tafiya har ya lalata kansa. Ka adana su don ranar wata ƙaurar. Tiyon fitar ruwansa ana rataye shi sama kamar santimita 60 zuwa 100 daga ƙasa, na mai baki biyu kuma a kwantar da shi ƙasa. Daidaita ƙafafun kada ya yi rawa, in daɓen na tara ruwa a yi masa ɗan dakali na siminti.

Wankin farko a yi shi ba kaya a ciki, kai kuma ka fita waje ka tsaya inda ruwan ke fitowa ka ga inda ya bi har ya ƙare.